A sa kuɗi a filin ƙwallon unguwa, ko a bar shi kyauta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a Tudun Wadan Zariya. Muna da filin ƙwallo da muka taso muka tarar da shi, na hukuma ne, amma ba mai kula da shi. Ruwa ya cinye gefe guda, turakun raga sun karkace, masu biki da masu koyon mota kuma suna shiga yadda suka ga dama. A zamanmu na ƙarshe wasu sun ce a sa naira 200 a kan duk wanda zai buga, a riƙa gyara da kuɗin. Wasu sun ce filin jama'a ba a sayar da shi. Har an fara ɗaga murya. Tunda kun daɗe a harkar kula da wasanni, me kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka muku da alheri da kuka tashi tsaye tun filin bai koma fulotai ba.

Ga ra'ayina kai tsaye: kada ku karɓi ko sisi daga wanda ya zo buga ƙwallo kawai. Ku karɓa daga wanda yake son a keɓe masa filin na wasu sa'o'i a hana kowa shiga, da wanda zai samu kuɗi ko suna a kansa. Ko wannan ɗin ma kada ku fara sai kun riƙe izini a rubuce daga mai filin. Kuna da misalinsa a ƙofar gida. Ba wanda ake caja don ya bi titin unguwa, amma mai bikin da zai kafa kanofi ya tare hanya, dokar tarayya ta 1998 da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta ba ƙaramar hukuma damar karɓar kuɗin shagali da rufe hanya a hannunsa. Haka filin yake.

Bari in fara da maganar mai filin, domin nan ne ƙungiyoyi suka fi yin tuntuɓe. "Na hukuma ne" bai isa amsa ba a Zariya. Akwai filin makarantar firamare, wanda yake ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Akwai na sakandare irin su Barewa da Alhudahuda, waɗanda suke hannun ma'aikatar ilimi ta jiha. Akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, da na sojoji, da filayen reluwe a Sabon Gari, waɗannan duka na tarayya ne. Sannan akwai filin idi, da filin da iyaye suka bari tun kafin a san takardar fili. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar cikin birane a hannun gwamna, Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 kuma ya sa kula da wuraren shaƙatawa da filayen da aka bar wa jama'a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Wato mai ƙasar daban, mai kula da ita daban, ku kuma da kuke gindinta ba ku cikin ko ɗaya sai an saka ku. Ku je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, ku ga abin da aka rubuta a kan filin a taswirar gari. Wani lokaci abin da za ku gani a can ya fi maganar naira 200 tayar da hankali.

Sai kuma dokar kuɗin shiga. Tun 2016 jihar Kaduna ta tattara harajinta cikin doka guda, ta ɗora wa KADIRS, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, alhakin karɓa, ta hana karɓar kuɗin gwamnati hannu da hannu. Wannan yana sa ku tsakanin matsala biyu. In kuka buga tikiti kuka tsayar da yaro a bakin fili ba tare da izini ba, duk ranar da kuka saɓa da wani mai ƙafa, sunan abin da kuke yi karɓar haraji ba bisa ƙa'ida ba. In kuma aka mayar da kuɗin na gwamnati, ya faɗa asusun bai-ɗaya, to sai ku jira ya dawo ta hanyar kasafi, kun kuwa san yadda ragar filin unguwa take a layin kasafi, bayan albashi da asibiti da kwalbati. Mafita ita ce yarjejeniya a rubuce da hukumar da ke da filin, wadda ta ce ƙungiyarku ce mai kula da shi na shekara kaza, ta halatta muku karɓar gudummawar gyara daga masu keɓe shi, ta kuma faɗi inda kuɗin zai zauna da wanda zai duba lissafi. Ku nemi sashen kuɗin shiga na ƙaramar hukuma su sa hannu su ma. Mai unguwa da hakimi su shaida. Ciyaman yana canzawa, kansila yana canzawa, hedimasta ana yi masa canjin wurin aiki. Alkawarin baki yana tafiya da mai shi.

Yanzu naira 200 ɗin. Mu yi lissafinta yadda masu goyon bayanta suke yi. A ce mutum 40 ne ke bugawa kullum da yamma: naira 8,000 a rana, 240,000 a wata. A takarda abin gwanin sha'awa. To amma filinku ba katanga, kuma zagaye cikakken fili da ɗan sararin gefensa ya kusa mita 400 na bulo ko waya. Ba katanga, ba geti; in ba geti kuwa, sai dai mai tikiti ya riƙa bin mutane yana cewa "kai ka biya?" Wa zai tare ɗan mai unguwa? Wa zai tare ƙanen matarsa? Wa zai tunkari majiya ƙarfin nan da suka shekara goma suna buga wasan a-ci-ka-ka-fita a wurin? Cikin mako biyu za a gane masu biya su ne marasa gata kawai. Ga ranakun ruwa a Yuli da Agusta, ga watan azumi da fili ke yin shiru da yamma, ga haƙƙin mai karɓar kuɗin shi kansa. Abin da zai rage ba zai kai rigimar da ya jawo ba.

Ku juya lissafin ta ɓangaren uban yara kuma. Yaron da ke zuwa sau biyar a mako zai ci naira 1,000, a wata sama da 4,000. Mai 'ya'ya uku a filin zai fitar da fiye da 12,000, kusan kashi ɗaya cikin shida na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, shi ma ga wanda yake da albashin ke nan. Ba zai biya ba, kuma ba laifinsa. Yaran ba za su daina ƙwallo ba, za su koma lungu da bakin titi tsakanin babura da Keke Napep, wasu kuma su koma majalisar da ba ku so. Mutane suna son kawo sunayen manya a irin wannan muhawara, kuma akwai su: Daniel Amokachi, Garba Lawal, Tijjani Babangida da Celestine Babayaro duk Kaduna ta raine su, suna cikin waɗanda suka ciyo zinare a ƙwallon ƙafa a gasar Olympics ta Atlanta a 1996. Masai Ujiri, wanda yake shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019, a nan Zariya ya tashi, a nan ya fara ƙwallon kwando. Amma ni ba wannan ce babbar hujjata ba. Cikin yara ɗari da ke filinku da wuya ɗaya ya ci abinci da ƙwallo. Amfanin filin shi ne sauran casa'in da taran, da kuka san inda suke daga la'asar zuwa magariba.

Masu cewa a sa kuɗi suna da gaskiya a abu guda: fili yana cin kuɗi, kuma in ba a tanada ba, lalacewa zai yi ta yi. Sai dai ku san irin filin da kuke son riƙewa kafin ku san nawa kuke nema. In burinku shimfiɗaɗɗiyar ciyawa kore shar irin ta talabijin, ku ajiye shi. Cikakken fili mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi, murabba'in mita 7,140 ke nan. A rani, daga Nuwamba har ruwa ya sauka wajen Mayu, ciyawa na buƙatar ruwan da bai gaza milimita 5 ba a rana, wato lita 35,700, sama da jarka 1,400 mai lita 25, kullum ta Allah. A unguwar da mata ke jiran 'yan ga-ruwa, wa zai kalli idon jama'a ya zuba wannan a ƙasa? Kuma ciyawa ba ta jure a taka ta safe da yamma kwana bakwai. Sai an hutar da ita, hutarwar kuwa tana nufin korar yaran da aka yi gyaran dominsu. Babban filin Abuja da aka gina don wasannin Afirka na 2003 ya isa darasi: Dangote ya ɗauki nauyin sabunta ciyawarsa, ba a jima ba ta sake lalacewa, Super Eagles suka koma karɓar baƙi a Uyo. Shimfiɗar roba kuma da ake yayi yanzu a ƙananan filayen haya, tana da wa'adinta, shekara takwas zuwa goma a sake sabuwa. Wannan harkar 'yan kasuwa ce, su ya dace su caji kuɗin awa, don da jarinsu suka gina.

Abin da filin unguwa yake buƙata ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba. Na farko hanyar ruwa. Ku je filin ana tsakiyar ruwan sama, ba bayan ya ɗauke ba, ku tsaya ku ga ta inda yake shigowa. Galibi za ku tarar kwatar wani layi ce ta toshe da leda, ruwan unguwa gaba ɗaya ya mai da filin hanyarsa, ya yanka ɗan kwazazzabo daga kusurwa zuwa bakin raga. In ba a kau da wannan ruwan ba, duk tifar ƙasar da kuka zuba ta zama ta rafin Kubanni. Bayan an yi masa hanya, sai gireda ta baje filin ta bar tsakiyarsa da ɗan tudu, gangaren kashi ɗaya cikin ɗari ya wadatar, wato tsakiya ta ɗara gefen layi da kamar santimita 34. Kada a cike da tsurar marmara, tana cin gwiwa da cinya. A gauraya da yashi da ƙasar noma. Bakin raga biyu da da'irar tsakiya su ne ke fara zama kwari, a riƙa cike su duk ƙarshen damina. Dasa ciyawa ba dole ba ne, kiri-kirin da ke fitowa da kansa a gefe a bar shi ya yaɗu, a yanke shi da lauje, a tumɓuke tsidau da ƙarangiya tun ba su yi 'ya'ya ba. Turakun raga a yi su da bututun ƙarfe, mita 7.32 a faɗi, 2.44 a tsayi, a dasa su cikin kankare, domin na katako gara ce ke gadonsa, wanda ba a dasa ba kuma yana iya faɗo wa yaron da ya yi lilo a kai. Layi a ja shi da farar ƙasa ko toka, a bar zuba baƙin mai. In kuka kira mai gireda da mai walda da mai tifa suka ba ku farashin yau, za ku ga babban kuɗin sau ɗaya ne, na shekara-shekara kuma ba shi da yawa. Babban na farkon a neme shi ta gidauniya da aikin gayya da 'yan unguwar da Allah ya ɗaga. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi kuna da ƙarin bakin tambayar ciyaman ma. Na shekara-shekaran shi ne kuɗin keɓewa zai ɗauka.

Su wa za su biya? Duk mai shirya gasar cin kofi da yake karɓar kuɗin rajista daga kulob-kulob, ko ɗan siyasar da ya sa kofi da hotonsa a jikin riga. Akadamin da ke karɓar kuɗin wata daga iyaye. Makarantar kuɗi da ba ta da fili, ta zo yin gasar gidaje ta shekara. Kulob ɗin manya ma'aikata da 'yan kasuwa masu son a ajiye musu safiyar Asabar. Kamfanin da ya zo tallar kaya da manyan lasifika. Masu biki, da gangamin siyasa. Mai koyar da mota kuwa, ni a ganina ba kuɗi za a karɓa a hannunsa ba, haƙuri za a ba shi, domin tayar mota a jiƙaƙƙiyar ƙasa tana yin ɓarnar da kuɗinsa ba zai gyara ba. Makarantun gwamnati na unguwa, ƙungiyoyin yara da kocinsu ba ya karɓar komai, masu langa da kokawa, dattawa masu zagayen safe saboda hawan jini da suga, duk kyauta. Sallar idi da jana'iza ba a ma kawo su cikin lissafi. Wa'azi da maulidi ku zauna da malaman unguwa ku yanke ƙa'ida guda da za ta hau kan kowane ɓangare daidai wa daida, sharar fili bayan taro ita ce mafi ƙaranci. Kun fi ni sanin abin da bambanci a nan yake haifarwa.

Wannan rabon ba mu muka fara shi ba. A birnin New York na Amurka, hukumar wuraren shaƙatawa tana ba ƙungiyoyin yara izinin fili kyauta, manya su biya kuɗin awa, in da fitilun dare farashin ya ƙaru.

Ga masu biki da taro, kuɗin ajiya ya fi kuɗin haya muhimmanci. Ku dubi filin washegarin biki: ramukan turakun kanofi, sawun motar da ta kawo kujeru, ledar fiya wata, tsinken tsire, fasasshen kwalba, wani lokaci har ƙusa. Wanda zai fara taka su yaro ne mara takalmi. A karɓi ajiya mai ɗan nauyi kafin taro, mutum biyu su zagaya da mai bikin washegari, in ya cike ramuka ya share a mayar masa da kuɗinsa cif. In sun san kuɗinsu na hannunku, da kansu za su hana direba shiga tsakiyar fili.

Akwai haɗarin da nake so ku sa wa ido fiye da komai, shi ne mai biya ya rikiɗe ya zama mai fili. Yana farawa a hankali. Akadami ta biya kuɗin wata uku, ta sayo raga, ta sa kwaɗo a ɗakin ajiya, bayan shekara biyu yaron unguwa sai ya nemi izinin koci kafin ya taka. Maganinsa jadawali da aka manna a bango kowa yana gani. Daga la'asar zuwa magariba, a yawancin ranakun mako, na kowa ne, ba a sayar da shi ko nawa aka tayar. Masu keɓewa su ɗauki safiya, ko ranakun da aka ware, kuma jimlar awanninsu kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na mako. Kada a yi wa kowa yarjejeniyar da ta haura shekara guda. A ware wa 'yan mata na makarantun unguwa lokacinsu su kaɗai tare da malamarsu, in ba haka ba ba za su taɓa samun wuri ba.

Ɗan'uwan wannan haɗarin shi ne shawarar gina shaguna a gefen fili "don a samu kuɗin kula da shi". Za a kawo muku ita, in ma ba a riga an kawo ba, kuma mai kawo ta zai zo da lissafi mai daɗi. Layi ɗaya ne yau, gobe masu shago su ce ƙwallo na fasa musu gilashi, jibi a matsar da raga, gata a ce abin da ya rage bai isa fili ba gara a yanka. Ingila da ta sayar da filayen makarantu da yawa sai da ta yi doka a 1998 cewa ba a rabuwa da filin wasan makaranta sai da amincewar minista. Ku naku katangar ita ce takardar da na ce ku nema, da kuma ganin filin cike da yara kullum. Filin da aka kore yara daga cikinsa da kuɗin geti, ya yi shiru, ciyawa ta rufe shi, shi ne mai neman fuloti yake nuna wa jami'i ya ce ai ba a amfani da shi.

Maganar riƙon kuɗi gajeriya ce. Asusun banki da sunan ƙungiya, sa hannun mutum uku, biya ta taransifa kawai, rasit mai lamba. Duk wata uku a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a manna a bakin fili da ƙofar masallaci. Kuɗin fili a fili zai ƙare, ba a ranta wa kowa, ba a yin gudummawar biki da shi. A kwamitin a sa kyaftin biyu daga cikin matasan da ke bugawa, da koci ɗaya, da malamin makaranta. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta yi shekaru tana nazarin makiyaya da masunta da masu noman rani a ƙasashe daban-daban, ta gano dukiyar tarayya ta fi ɗorewa inda masu amfani da ita suke da baki a ƙa'idojinta, masu sa ido suna cikinsu, hukunci kuma yana hawa daki-daki. A filinku ma'anarsa: wanda ya karya doka a fara da jan kunne, sai hana shi keɓewa na wata guda, kafin a kai ga mai unguwa.

Kuma kada ku fara da karɓa. Ku fara da aiki. Ku yi gayya ku buɗe kwatar, ku miƙe turakun raga, ku ja layi, mutane su wayi gari su ga filin ya canza. Bayan nan in kuka ce wa mai shirya gasa ga abin da zai bayar, yana ganin abin da yake biya. Farashin kuma ku yanke shi daga lissafin gyaran shekara: ku raba abin da kuke buƙata a kan adadin keɓewar da kuke sa ran samu, ku ɗan ɗora saboda tashin kaya, ku sake dubawa bayan damina.

A zama na gaba, Malam Sakatare, kada ka sa a kaɗa ƙuri'a kan naira 200, domin duk ɓangaren da ya faɗi zai fita da ƙulli a zuci. Ka kawo takardar jadawali da jerin masu biya da marasa biya a tattauna a kansu. Waɗanda suka dage sai an sa kuɗi, a ba su aikin nemo farashin gireda da tifa da bin masu gasa. Waɗanda suka ce filin jama'a ba a sayar da shi, a ba su tsaron awannin kyauta da binciken asusu, su kuma za su raka ka KADGIS.